Dakalin Surukina

Shekarar da aka mayar da ni wata firamare a hanyar Kiru na sayi babur na hannu, ƙarami ja mai silinda ɗaya, irin na samari wanda sai ka kwanta a kan tanki kake tuƙa shi. Ban taɓa tuƙi ba, kyansa kawai ya ruɗe ni. Sai da na kawo shi garinmu Ba'awa na lura ba shi da kik, maɓalli ne kawai. Sau ɗaya yake tashi da safe, in ka kashe shi, to sai turi. Makanike ya canja batir, ya taɓa wayoyi, bayan sati biyu ya koma gidan jiya.

Hanya ɗaya ce ke fita daga unguwarmu, kuma ta ƙofar gidan surukina ta bi. Tsoho ne, idonsa ya yi rauni, kullum daga masallacin asuba sai dakali, yana jiran hantsi ya gasa masa gwiwoyi. A wurinmu ba a wuce suruki a kan abin hawa. Tun daga nesa zan kashe, in sauka, in cire takalmi, in tsuguna.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau, Malam. Ya kwanan iyali? Ya muka ji da ruwa?"

Zai tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi masara, har akuyar matata. Ina amsawa raina yana tafasa, don na san abin da ke jirana: turi cikin caɓi har gangaren rafi, in ɗare da gudu in saki kuloci. Wata rana ya tashi, wata rana mu kwanta tare. Na gwada sammako, sai Baba ya samu ƙarin lokacin hira. Hedimasta ya ba ni takardar gargaɗi sau biyu, ya ce ta uku ofishin ilimi za ta tafi, aikina kuma sai yadda ta yiwu.

Sai na gano wata 'yar hanyar ƙafa ta bayan gari, ta cikin masara. Sati guda ban makara ba, har ina jin kaina gwani. Ran Juma'a na je gaishe da Baba.

"Malam," in ji shi, "hanyar nan ta cikin masara akwai santsi. Shekaranjiya na ji ka faɗi wajen rijiya. Ba ka ji ciwo ba dai?"

Na manta duk garin babur ɗaya ne mai irin wannan ƙarar. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina.

Ran Litinin na dawo babbar hanya, na tarar da dakali ba kowa. Washegari ma haka. Matata ce ta faɗa mini: Baba ya ce zai riƙa zama a zaure har sai ya ji na wuce, don kada in sauka. Zauren nan kuwa sanyi ne da shi kamar randa.

Na roƙe shi ya koma dakalinsa, ya ce shi zauren ya fi masa daɗi. Dukanmu mun san ba haka ba ne. In na tsaya, takarda ta uku tana jirana, don haka na ci gaba da wucewa, ina isa makaranta kafin kowa, raina a ɓace. Kullum in na kusa shan kwana sai idona ya kai kan madubi, ko da ban so ba. In hango Baba yana laluben bango, buzu a hammata, yana fitowa a hankali.