Rantsuwar Ja'afaru a Gidan Gem

Ja'afaru mai walda ne a kasuwar Panteka, amma in ka shiga Kurmin Mashi kana cigiyar mai walda, sai an nuna maka mutum biyar kafin a tuna da shi. Abin da za ka ce shi ne, "Ina wanda ba a tayarwa?" Ko mai ƙosan bakin layi za ta yi maka kwatance.

Sunan daga shagon Sambo ya fito, gidan gem ɗin da ke bayan masallacin layinsu. Dokar wurin guda ce tun ranar da aka buɗe shi: mutum biyu ke buga ƙwallo a talabijin, wanda aka ci ya miƙe ya ba na baya fad ɗin, wato abin latsawar, wanda ya ci ya ci gaba da zama. Ja'afaru ya fara zama tun gemu bai fito masa ba. A kan kujerar nan ya zama saurayi, ya yi aure, aka yi masa haihuwa biyu, ba wanda ya taɓa tayar da shi sai kiran sallah da ɗauke wuta. A Panteka kuwa ba kowa ba ne. Ƙofa da taga yake haɗawa a ƙarƙashin wani, kuma ogan bai taɓa wahalar da bakinsa wajen kiran sunansa ba, "kai" ta wadatar. Amma da an idar da La'asar, ya wanke baƙin hannunsa ya doshi shagon, sai ka ji ana cewa, "A ba Oga hanya!"

Abin da unguwa ba ta sani ba, walda ta fara cin idonsa. Shekara da shekaru yana kallon wutar ta cikin tabarau mai araha, wani lokacin ma tafin hannu kawai yake karewa da shi. 'Yan wasan da ke cikin talabijin suka fara yi masa biyu-biyu, ƙwallon takan ɓace masa ta sake bayyana a wani wuri.

Mutum ɗaya ya gane, Garba, ƙanin matarsa Rahmatu, wanda ya gama makaranta yana zaune a gidansu a Malali yana jiran aiki. Ja'afaru ne ya koya masa riƙon fad da hannunsa. Wata Juma'a Garba ya zo gaida yayarsa, suka kunna injin gem ɗin Ja'afaru na gida don rage lokaci kafin tuwo ya sauka. Garba ya ci shi. Ja'afaru ya yi dariya ya ce a sake. Aka sake, ya ƙara cin shi, aka kuma sakewa, har tuwon ya huce a gabansu.

"Yaya, ko in ara maka tabarau ɗin Baba?" in ji Garba, da irin wasan da ke tsakanin ƙanin mace da mijinta.

Rahmatu ta ɗago ta dubi mijinta, ta mayar da kanta kan kwano. Tun daga ranar Ja'afaru ya san saura kawai Garba ya bi layi a shagon Sambo, a gaban jama'a.

Ana cikin haka labari ya iso ta waya. Kamfanin da ke ƙera injinan da Sambo ke amfani da su ya fito da sababbin dokoki: sabon injin ba zai yi aiki ba sai ana haɗa shi da intanet kullum, kuma faifan wasa in ya shiga inji ɗaya ya auru ke nan, ba aro, ba sayar da na hannu. A nan kuwa faifai ba shi da mai shi. Wani zai sayo tsoho a kasuwa, ya zaga Unguwar Kanawa, ya leƙa Malali, ya dawo da tabon manja, a goge da bakin riga a ci gaba. Intanet kullum kuma, a garin da sai ka hau kan katanga kafin saƙo ya tafi? Shagon ya kaure da zagi.

Ja'afaru ya tashi ya fita. Sai ga shi ya dawo da injinsa na gida a hammata, guduma a hannu. Ya ajiye shi a tsakiyar layi ya rufe shi da duka. Roba ta tarwatse, wani ɓallin ya tsaga wa wani mai rake goshi, jini ya sauko masa har gira, ba wanda ya kula. Matasa na ihu, wayoyi a sama. Da ya gama ya ɗaga gudumar, yana haki.

"Wallahi tallahi, na rantse da wanda raina ke hannunsa, ni da kayan kamfanin nan har abada! Sun raina talaka!"

Aka ɗaga shi sama. Bidiyon ya zaga har Kawo. Shagon Sambo ba shi da injin wani kamfani, don haka Ja'afaru ya bar wasa ba tare da an taɓa cin shi a shagon ba, ga kuma sabon suna na mai kishin talakawa. Ya koma zama a benci a bakin ƙofa yana gyara wa masu wasa kuskure. Rahmatu ta lura ya ƙara ƙiba, yana cin abinci kamar wanda aka sallamo daga asibiti. Garba ya bi layi, ya hau kujerar, ya riƙe ta, amma ko yaushe akwai mai cewa, "Don dai Oga ya rantse ne."

Ba a rufa wata ba kamfanin ya janye. Duniya ta yi masa ca, masu saye sun fara komawa wajen abokin hamayyarsa, sai ya fito ya ce ya ji koke: ba dole a intanet, faifai kuma a ara, a sayar, yadda aka saba.

Da yammacin ranar shagon ya cika har waje. Wasu na tsalle suna cewa an durƙusar da masu kuɗi. Wasu na cewa ƙarya ce, wanda ya nuna maka wuƙa ya mayar kube bai jefar da ita ba. Wani Sani mai facin taya ya hau benci yana rantsuwa gudumar Oga ce ta tsorata su, sun ga bidiyon a can ƙasarsu. Ja'afaru ya iso, aka tarbe shi da tafi, yana murmushin yaƙe.

Sambo ya rungume shi. "Oga, ka yi nasara! Sun tuba. Ga kujerarka."

"Na rantse, Sambo."

"To ai akwai kaffara. Na tambayi liman da azahar, ya ce ka ciyar da miskinai goma, shi ke nan. Shinkafar ma ni zan dafa."

"Rantsuwa ba riga ba ce da za a tuɓe."

"Haba Oga! Kan me ka rantse? Kan dokar. Ina dokar yanzu?"

Jama'a suka ɗauka: "Kaffara! Kaffara!" Garba na kan kujerar, ya juyo, ya miƙo masa fad na biyu. Ba da mugunta ya fara ba. Ya gaji ne da zama a kujerar da kowa ke cewa aro ce.

"Yaya, bismillah. Wasa ɗaya."

"Ajiye wannan abin, Garba."

"Kamfani guda ya ajiye girman kai, kai ba za ka ajiye ba?" Aka yi dariya, dariyar ta shiga kan Garba. "Ko dai ba kamfanin ne ya ɓata maka rai ba? In faɗa musu abin da ya faru ranar da tuwon Yaya Rahmatu ya huce?"



Ja'afaru ya karɓi fad ɗin, har wasu sun fara tafi. Ya naɗe igiyar fad ɗin a hannu, ya wulwula shi ya sauke wa Garba a baki. Leɓen ya fashe. Kafin Garba ya dafe wurin, Ja'afaru ya shaƙo wuyan rigarsa ya fizgo shi daga kujerar, ya buga kansa da bango, ya sake bugawa. Abokan Garba na Malali suka yo kansa, 'yan layin suka tare su, ba don sun san dalili ba. Benci ya tashi sama. Wani ya fasa kwalbar lemo. Sani mai faci, da ke yabon guduma ɗazu, ya sami gwiwar hannu a hanci ya zauna a ƙasa yana kallon jini a tafinsa. Talabijin ɗaya ta faɗo ta kife, mai sharhin cikinta bai daina magana ba. Sambo na tsakiya yana ihu, "Don girman Allah! Kayana! Ku fita waje ku kashe juna!"

Dattawan da suka fito daga masallaci ne suka raba. Aka janye Garba gefe, haƙori ɗaya a hannunsa. Mutum biyu suka riƙe Ja'afaru, da suka ji jikinsa ya saki suka sake shi.

A nan ne ya duba ya ga duk wannan bai biya ba. An ji abin da Garba ya faɗa. Gobe za a yi sulhu, dattawa za su ce a yafi juna, Sambo zai dafa shinkafarsa, jibi kuma a sake miƙo masa fad, wannan karon duk unguwa na kallo. A gefensa akwai akwatin gilashi mai kauri da Sambo ke jera faifai a ciki. Waɗanda ke wurin sun ce zuciya ce ta ɗebe shi. Amma mai walda ya san abin da kaifi ke yi wa nama, kuma sai da ya dubi akwatin, ya dubi hannunsa na dama, kafin ya dunƙule shi ya zura. Gilashin ya fashe. Bai zaro hannun a hankali ba, ya fizgo shi ta kan tsinin da ya rage.

A asibiti suka ɗinke abin da zai ɗinku. Jijiyar babban yatsan ta tsinke, likita ya ce zai motsa kaɗan, amma ba zai ƙara matse komai ba. Ogan Panteka ya mayar da shi mai riƙe ƙarfe da hagu, wani kuma yana waldar.

Bayan an sallamo shi, surukarsa ta tilasta wa ɗanta Garba zuwa dubiya, don ta ce ba za a raba mata zumunci a kan wasan yara ba. Garba ya shigo da leɓe a ɗinke, ya durƙusa daga bakin ƙofa. Rahmatu ta ajiye masa ruwa ta tsaya, ba ta zauna kusa da ko ɗayansu ba.

"Yaya, ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara afuwa."

"Amin."

Garba ya juya kofin a hannunsa. Maganar na fita da ƙyar saboda ɗinkin.

"Wallahi da ka zauna, da na bar maka. Na riga na shirya. Biyu da ɗaya zan bari ka ci, kowa ya gani, a wuce wurin."

Ja'afaru ya dubi hannunsa mai bandeji da ke kan cinyarsa.

"Rahmatu," ya ce, "raka shi. Kuma in zai sake zuwa, ya zo lokacin da ba na nan."