Yarinyar da Na Koya wa Ɗaga Kai

Shekarar da na fara koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Rano, na kafa doka: duk wadda ta yi jawabi a gaban aji, 'yan ajin su rubuta mata gyara, ita ma ta rubuta yadda ta ga kanta.

Akwai wata 'yar ƙauyen Fassi da kakarta ta rena. Ta fi kowa sanin abin da take faɗa, amma idonta ba ya barin ƙasa. 'Yan ajin duk bakinsu ɗaya: "Ba ta kallon mutane." Ita kuwa ta rubuta: "A gidanmu ba a kallon babba a ido." Haushi ya kama ni. Na soke shi da jan biro, na ce nan makaranta ce, ba tsakar gida ba.

Zango guda muka yi muna fama, har ta iya.

Ranar taron iyaye ita na zaɓa ta yi jawabi. Ta tsaya gaban dattawa tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, muryarta ko rawa ba ta yi. Ana cikin tafi na hango kakar ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta fita.

Washegari yarinyar ta miƙo mini takardarta: "Malama, na yi duk abin da kika ce. Kaka tana ta kuka, wai ba ta san inda ta kuskure a tarbiyyata ba."

Jan biron yana hannuna. Har yau ban rubuta komai a ƙasan takardar nan ba.