Albasar Karatun Ƙanena

Shekarar da aka katse sabis ɗin waya a yankinmu saboda ɓarayin daji, a shekarar ne ƙanena ya sami gurbin digiri na biyu a wata babbar makarantar ilimin addini, tafiyar yini guda daga wurinmu. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, ba zan faɗi na garinmu ba. Ƙauye ne tsakanin Wurno da Goronyo, kuma in ka hau tudun bayan gari kana hangen fadamar da muke noman albasa.

Ni na riƙe shi tun rasuwar mahaifinmu. Ban yi boko ba sai da furfura ta fara fito mini, a ajin manya da ake yi bayan la'asar a firamaren garinmu, kuma shi ne ya fara koya mana. Da safe yana koyar da yara, yana karɓar albashin ƙaramar hukuma. In ciwon ƙafa ya hana Baba Liman fitowa, shi ke jan salla. A masallaci ina bayansa, a aji ina gabansa a kan bencin yara, a gida kuma har gobe Auta nake ce masa.

Kuɗin makarantar ya fi ƙarfin albashinsa. Don haka tun girbin bazara na ware albasa na zuba a rudu, wato rumfar kara da ciyawa da muke ɗagawa daga ƙasa don iska ta riƙa ratsawa. Wanda ya taɓa ajiye albasa ya san ba hatsi ba ce. Kana jiran ta yi tsada, ita kuma tana tsotsewa. Wata ta tsira, wata ta ruɓe ta shafa wa ta kusa da ita. Duk bayan 'yan kwanaki nakan zauna in tsince, in zubar da abin da ya lalace. Na yi haka damina guda ban yi ƙorafi ba, domin na san abin da nake jira.

Ana saura kaɗan a katse sabis, wani abokinsa da ke karatu a can ya kira shi. Ya ce dattijon da ke shugabantar makarantar ya sauka, wasu na cewa sauke shi aka yi. Saboda dattijon nan ƙanena ya nemi wurin, don ya daɗe yana sauraren karatunsa a waya. Yanzu mutum biyu ne, kowa yana cewa shi ne shugaba. Abokin ya ce zai sake kira in ya ji ƙarin bayani. Bai samu ba. Wata safiya muka tashi wayoyin gari duka sun zama fitila da rediyo.

Inna ba ta damu da maganar shugabanni ba. Ita so take ya bar garin. A lokacin mun gane cewa ɓarayin ba kowa suke ɗauka ba, zaɓe suke yi: mai shago, mai albashi, mai jan salla. Sun san jama'a za su sayar da abin da suka mallaka don su fanshi limaminsu. An ce a wani ƙauye wajen Rabah haka aka yi, har tabarmin masallaci mutane suka so su sayar.

"Kai dai tahi," in ji Inna, tana sheƙar gero. "Ko shugabansu goma na, mi yad dame ni?"

"Inna, karatu za ni yi, ba ɓoyo ba."

"To yi duka biyu. Wa ya hana ka? Ubanku ma da yat tahi ci-rani, rabi neman kuɗɗi na, rabi gudun surutuna."

Ya yi dariya, amma ni ban yi ba. Ra'ayina ɗaya da na Inna, sai dai ban faɗa ba. Na bar shi yana zaton albasata nake wa kishi.

Sai muka yanke shawarar zuwa inda ake kama sabis. Mutane sun ce in ka wuce Achida, ka doshi birni, akwai wurin da waya ke farfaɗowa. Mai ya yi wuya, don an hana sayarwa a jarka, babura kuma sun ragu. Muka shiga motar haya ranar kasuwa, an cusa mu har cikin but, wurin kaya. A shekarar dawa ta yi kyau ƙwarai, kuma ba wanda ya yi murna da tsawonta a bakin hanya. Duk inda gona ta matso kusa da kwalta, sai hira ta mutu. Wata tsohuwa kusa da ni tana ta salati a hankali. Direba yana ɗaga wa kowace motar da ta fito daga gaba hannu, yana tambayar hanya da yatsu. Ni kuwa ina kallon keyar ƙanena, ina tunanin farar hular da ya sa. Na so in ce ya cire ta, don ta sa ya yi kama da mai abin hannu. Na kasa.

Wurin kama sabis ya zama kamar ƙaramar kasuwa. Mutane a ƙarƙashin itatuwa, kowa ya ɗaga waya sama. Har mai shayi ya kafa teburi, yana yi wa wani gajeren Alhaji tsiya.

"Alhaji, hau benci. Sabis ɗin ga ba shi duƙawa."

"Kai ko shayinka ba shi tashi," in ji Alhajin, ya kuwa hau bencin.

Ƙanena ya fara kiran lambar da makarantar ta ba shi tun farko. Ya buɗe muryar wayar don in ji. Wani mutum ya amsa da ladabi, ya ce daga ofishin shugaba yake, a biya cikin makon nan, kuma kada a saurari kowa. Sai ya kira abokinsa, shi kuma ya haɗa shi da wani. Wannan ma ya ce daga ofishin shugaba yake. Ya ce wancan ofishin an garƙame shi, duk wanda ya biya can ya yi asara, amma in ya zo ta hannunsu za a yi masa ragi. Muryoyin biyu duka masu daɗi ne, duka sun fara da sallama cikakkiya, duka sun rufe da addu'a.

Da abokin ya dawo kan waya, ƙanena ya tambaye shi dattijon fa. Ya ce yana gida, ba ya karantarwa, ba ya karɓar baƙi. Sannan ya rage murya ya ce abin ya kai ba sa salla tare. Masallaci ɗaya ne, amma in waɗannan sun idar sai waɗancan su tayar da tasu iƙama. Sabon ɗalibi kuma ana kallon sahun da ya shiga ranar farko.

Muka zauna a gindin wata bedi, wato dogon yaro.

"Zaɓi guda," na ce. "Mai ragin nan ma ya yi."

"Yaya, albasa muka saye?"

"Auta, ba wasa nika yi ba."

"Ni ma haka. Karatun addini ba gini ka ba da shi ba, gaban mutum aka zama. In na zauna gaban wanda ba shi bin ɗan'uwanshi salla saboda kujera, mi za ni kawo muku? In zo in raba muku masallacin Baba Liman gida biyu?"

"Ka kawo muna kanka da rai. Ya ishe mu."

Ya dube ni. A nan ya gane ba albasa ce damuwata ba. Ya ce in ba shi lokaci kaɗan, wataƙila manyan makarantar su sasanta, dattijon ya dawo. In haka ta faru, ranar zai tafi. Na ce to. Ban iya matsa wa mutum ba, balle wanda nake bi salla.

Muka koma gida muka shiga jira. Ban sayar da albasar ba. Masu saye daga nesa sun daina zuwa, na kusa kuma suna tayi kamar suna zagi. Akwai kuma wani dalilin: albasa a rudu albasa ce kawai, amma ranar da ta zama kuɗi a ɗakina, kafin magariba labari ya isa daji. Ba mu san wanda ke kai musu magana ba. Mun dai san yana gaisawa da mu.

A makonnin nan na daina fahimtar abin da ake koya mana a aji. Ƙanena yana rubutu a allo, ni ina kallon taga. In babur ya wuce bayan firamare, sai hannuna ya tsaya a kan takarda har sai ƙarar ta ɓace. Ranar da ya ja salla, nakan tsaya a ƙarshen sahu kusa da ƙofa, Allah ya yafe mini, rabin hankalina yana waje.

Sai aka sako wani maƙwabcinmu da aka ɗauka a gonar wake. Na je gaishe shi da hantsi. Yana kwance a zaure, ƙafafunsa sun kumbura. Da mutane suka ragu, ya yafuto ni, na duƙa.

"Sun tambaye ni wa ka jan salla in tsoho bai hito ba," ya ce. "Na ce ban sani ba. Sunka yi dariya. Sun san yana da albashi. Sun san rudunka."

Ban tuna yadda na isa firamare ba. Na tsaya a ƙofar ajinsa, ya ga fuskata, ya ajiye alli. Bai yi gardama ba, ya ce dai sai ya sallami Baba Liman. Tsohon yana zaune a kan buzu, ya saurare mu har ƙarshe.

"Allah gafarta Malam, wa za ya tsaya gaba?" in ji ƙanena.

"Ni da nit tsaya kahin a haihe ka. In ƙafa ta ƙi, in ja su zaune. Tashi ka tahi."

Kafin azahar na sa shi a bayan wata akori-kura da ta ɗauko wake za ta birni. Inna ba ta fito ba, ta ce kada mutane su lura. Ya sauka gidan ɗan gwaggonmu. Daga can ya kira makarantar, aka ce an rufe rajista, kuma har lokacin mutum biyu ne ke amsa sunan shugaba. Yanzu yana koyar da yara a wata makarantar kuɗi a gefen birnin. Yakan zo ya gaida Inna da rana, ya koma kafin la'asar.

Ba a rasa rai a gidanmu ba, alhamdu lillahi. Abin da muka rasa shi ne gurbin karatu ɗaya, da aikinsa na ƙaramar hukuma, da fiye da rabin albasar rudu. Ajin manya ya yi shekara a rufe kafin a samo wani malami. Masallacinmu ya rasa na'ibi. Ɗaki ɗaya a gidanmu kuma ba a sake kwana a cikinsa ba.