Karkataccen Yatsan Pyo Deok-man

A layinmu na bayan tashar jirgin ƙasa ta Incheon, shekara talatin da takwas Pyo Deok-man ya yi yana sassaƙa wuyan jita kafin abin nan ya faru, kuma ko waƙar yara bai iya kaɗawa ba. Gangar jita da tsirkiya aikin wasu ne, shi wuya kawai ya sani. Makaɗa kuwa kowa da nasa rigimar. Wani ya ce mai doron kunkuru yake so, ya cika masa tafi. Wani ya ce mai ƙirjin kaza. Masu ƙananan hannu su ce a fiƙe musu shi siriri. Deok-man zai saurara, ya goga da magagari, sannan ya rufe ido ya bi bayan katakon da hannun hagu tun daga sama har ƙasa. Inda hannun ya ce ya isa, nan yake tsayawa. Ba a taɓa dawo masa da aiki ba, har ya sha yin rantsuwa a gaban maƙwabta cewa ranar da mutum ɗaya ya ƙi wuyansa sau uku, ranar zai sauke allon sunan shagonsa, ya bar sana'ar.

A bikin cikarsa shekara sittin, 'yarsa Sun-ok ta rusuna ta miƙa masa kyauta: ma'aunin kauri na ƙarfe, mai nuna ko da rabin milimita.

"Baba, ka daina wahalar da hannunka," in ji ta. "Yanzu da lamba ake aiki."

Tsoho ya ji daɗi ƙwarai. Mu da muka yi makarantar mishan tare da shi an koya mana girmama lamba, domin lamba ba ta ƙarya.

Ba a yi wata ba sai ga Bang Gi-su, mai kaɗa wa ƙungiyar mawaƙan coci, ɗauke da jitar da Deok-man ya yi wa wuya shekara ashirin da suka wuce. Ta faɗo daga kan keke, wuyan ya tsage.

"Yaya, irinsa nake so sak. Kada ka yi mini gwaninta."

Deok-man ya auna tsakiyar tsohon wuyan, ya sami milimita ashirin da biyu a sama, ashirin da huɗu a ƙasa. Ya sassaƙa sabo, yana gogawa yana aunawa, gefen dama daidai da na hagu, ko sau ɗaya bai rufe ido ba. Gi-su ya riƙa, ya kaɗa kaɗan, ya yamutsa fuska.

"Wannan ai muciya ce. Ya yi kauri."

"Kauri? Zo ka karanta da idonka!"

"Da ido nake kiɗa, Yaya?"

Aka yi na biyu, aka rage milimita guda. Gi-su ya ce wannan kuma ya yi siriri, babban yatsansa ya rasa wurin zama, kamar baƙo a gidan surukai.

Deok-man ya rasa inda zai sa kansa. Daidai ya yi kauri, ƙasa da daidai ya yi siriri, to ina wuyan yake? Ya zargi ma'aunin, ya kai wa mai gyaran agogo, aka ce lafiyarsa ƙalau. Ya zargi katakon. Ya zargi hannun Gi-su, har ya tambaye shi ko sanyin ƙashi ya kama shi, Gi-su ya ce sanyin ƙashin na wanda ya yi tambaya ne. Mai sayar da taliya na ƙofar shagon ta fara tsokana.

"Baban Sun-ok, saura ɗaya fa. In aro maka tsani?"

Kwana uku shayin sha'irinsa yana hucewa a kofi. A na huɗu, da hantsi, haushi ya sa ya ɗauki zarto ya yanke tsohon wuyan gida biyu, ya ce yau sai ya ga abin da ke ciki. Da ya dubi bakin yankan sai ya zauna. Doron ba a tsakiya yake ba. Ya karkata gefe guda kamar ƙwallon mangwaro, wajen tsirkiya mai kauri ya fi tudu, ɗaya gefen ya zube. Ya jawo wasu tsofaffin wuyoyi biyu na aikinsa daga ƙarƙashin benci, ya yanka. Duka haka suke.

Sai ya dubi hannunsa na hagu. Babban yatsan ya karye tun muna aji huɗu, ranar da ya zame a kan ƙanƙara a filin makaranta, kuma a karkace ya warke. Shekara talatin da takwas wannan yatsa ne alƙalinsa.

Ya sa ma'aunin a aljihun tebur, ya sassaƙa na uku ido a rufe. Gi-su ya zo, ya riƙa, bai ko kaɗa ba ya ce, "Yauwa. To me ya hana ka yin haka tun farko?"

"Gi-su, karkatacce ne fa. Duk wanda na taɓa yi maka karkatacce ne."

"Kai dai ka sani, Yaya. Ni hannuna ya dawo gida."

Allon ya zauna a wurinsa har shekara goma sha ɗaya bayan haka. Ma'aunin yakan fito kan tebur duk ranar da Sun-ok za ta zo, a goge shi tas. Amma Deok-man bai sake samun natsuwa a kan maganar ba. Ko a shekararsa ta ƙarshe, in makaɗi ya yaba masa aiki, sai ya ɗaga yatsan ya juya shi a hasken taga, ya tambayi mutumin, da gaske kuma yake tambaya, ko shi gwani ne, ko kuwa dukan makaɗan Incheon ne suka saba da kuskurensa.