Wasan Ƙarshe na Autanmu a Bukit Jalil

Mun tashi da asuba ranar Juma'ar da ta wuce, ni da maigidana, muna idar da salla muka ja akwati, domin jirgin ƙasan farko daga Alor Setar zuwa Kuala Lumpur ba ya jiran kowa. Yara mun bar su wurin maƙwabciyarmu 'yar Katsina. Ga waɗanda ba su daɗe da fara bibiyata ba, shekararmu huɗu ke nan a arewacin Malesiya, inda maigidan yake koyarwa. Tafiyar ba ta shaƙatawa ba ce. Autanmu ne ya kira ni, wanda yake karatun kwamfuta a wata ƙaramar kwaleji a unguwar Cheras ta Kuala Lumpur, kuma shi ne golan ƙungiyar ƙwallonta. Ya ce, "Yaya, in dai kina son ganina a raga, ki zo Asabar ɗin nan. Daga ita shi ke nan." Na tambaye shi shi ke nan me, ya ce sai na zo.

Jirgin yana da tsabta da gudu, amma sanyin cikinsa kamar an ɗauke mu kifi ne za a kai kasuwa. Maigidan da ya yi mini dariya don na ɗauko rigar sanyi, kafin mu kai Ipoh ya ari gyalena ya naɗe wuya. Ta taga kuwa gonakin shinkafa ne shar har iya ganinka, daga baya suka koma itatuwan kwakwar manja, layi bayan layi, har ido ya gaji. Soyayyiyar shinkafar da ake sayarwa a jirgin ringit goma sha biyu ce, ga ta 'yar mitsitsiya. Na buɗe dambun naman da na yi wa auta muka ɗan rage masa hanya.

Mun sauka kafin azahar, muka kama jirgin cikin gari na LRT zuwa Kampung Baru, inda muka yi da auta za mu haɗu. Unguwar tana ba ni mamaki kullum: gidajen katako da kaji a tsakar gida, ga dogayen benaye na gilashi sun yi musu rumfa. Da na hango shi a bakin masallaci sai na ga ya rame sosai. Maza suka shiga Juma'a, ni na yi tawa a ɓangaren mata, sannan muka zauna a wata rumfar abinci aka kawo nasi lemak, shinkafarsu mai madarar kwakwa, da soyayyiyar kaza. A nan ya kwance mana bakin jaka.

Shekara da shekaru, makarantun birnin manya da ƙanana a gasa ɗaya suke bugawa. Wasa mafi nisa bai wuce tafiyar minti arba'in ba. Sai wani kamfani ya zo da tayin nuna wasanni ta intanet, ya ce amma masu kallo manyan sunaye suke so. Manyan jami'o'i huɗu suka balle, suka haɗe da takwarorinsu na wasu jihohi, suka kafa sabuwar gasa. Ragowar kuma aka watsa su rukuni-rukuni. Kwalejin su auta ta faɗa cikin makarantun gabas, su Kelantan da Terengganu, awa shida ko bakwai a bas duk bayan mako biyu. Hukumar kwalejin ta ce ba za ta iya ba, gara a rufe ƙungiyar. In an rufe kuwa, rangwamen kuɗin makarantar da ake yi wa 'yan wasa ya tafi, kuma da shi auta yake karatu tun ranar da ya zo ƙasar nan.

Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

Ya sunkuyar da kai. "Wata biyu, Yaya. Mun zaci za su janye."

"Wa ya tambaye ku kafin a yanke?"

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta yi mini daɗi ba. "A waya muka gani, kamar kowa."

Abincin nan ban iya gama shi ba, na ce a yi mini tapau, wato a ƙunshe mini, na tafi da shi.

Da la'asar muka je ofishin kula da harkokin ɗalibai. Matar da muka tarar ba ni da abin cewa a kan ladabinta. Ta ba mu kujera, ta ba mu shayi, kowace magana maigidan ya yi sai ta ce boleh, wato babu damuwa, zai yiwu. Sai dai da aka zo kan abin da ya kawo mu, babu wanda ya yiwu. Ta ce daga sama aka yanke. 'Yan shekarar ƙarshe an yi musu alfarmar zango ɗaya, alhali biyu suka rage wa auta. Waɗanda ba su kai nan ba ko ɗaya babu. Muna shirin fita ta miƙo mini wata takarda mai sheƙi, tana murmushi, wai ɗakin da 'yan wasa ke canja kaya za a mayar da shi wurin gasar wasan kwamfuta, kuma tunda ƙanina kwamfuta yake karanta, zai ji daɗinsa. Na karɓa na yi godiya, don haka aka tarbiyyantar da mu. A kwandon shara na bakin lif na ajiye mata kayanta.

Mun kwana a Cheras gidan wata ƙawata, hawa na goma sha tara. 'Ya'yanta ina yi musu Hausa suna mayar mini da Turanci, ƙaramar har da "tak nak", wato ba na so da yaren ƙasar, in an ba ta tuwo. Ƙawar tawa ta yi mana miyar kuka da kukar da ta ce wata 'yar kasuwa ke kawowa daga Kano, farashinta kuwa sai ka rantse zinariya aka daka.

Asabar da hantsi muka kira mota ta waya zuwa Bukit Jalil. Wasan da ɗaya daga cikin jami'o'in da suka balle ne, a filinsu, na ƙarshe a tsohon tsari. Filin ciyawar roba ne, an zagaye shi da allunan tallar sabuwar gasa. Na ƙirga 'yan kallo daga inda nake zaune, da mu da mai sayar da ruwa ba mu cika talatin ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, masu filin ba su ma fito da 'yan wasansu na gaske ba. Waɗancan suna can gefe cikin sababbin riguna, ana shafa musu hoda ana ɗaukar su hoton talla. 'Yan benci aka turo wa su auta.

Kocinsu wani dattijo ne Bamalaye mai furfura, kowa Pakcik yake ce masa, kamar dai mu ce Kawu. Auta ya kawo shi muka gaisa, ya dafa ƙirji ya ce mini shekara goma sha huɗu yana tare da ƙungiyar nan, farkonta a motarsa yake jigilar yara. Na tambaye shi ina zai koma. Ya ce an ba shi riƙon makullin ɗakin motsa jiki, ya buɗe da safe ya rufe da yamma. Ya faɗe shi ba tare da ya ɗaga murya ba, ya juya ya ci gaba da jera robobin ruwa.

Ban san ƙwallo ba, amma na san ɗan'uwana. Yaron da na goya ne yake tashi sama kamar an harba shi, yana daka wa manyan ƙarti tsawa da harshe uku. Sau ɗaya ya faɗi a ƙafar wani har na miƙe ina salati, maigidan ya ja ni na zauna. Su auta sun ci biyu babu ko ɗaya, duka biyun wani ɗan Yaman ne siriri ya zura su. Alƙalin wasa bai ƙara ko minti ɗaya ba, domin masu kyamara na jiran filin. Ko gaisawa ba a gama yi ba aka fara shigo da fitilu.

A bakin bas wani ma'aikacin kwalejin yana tsaye da baƙar leda, yana karɓar riguna tun da guminsu. Auta ya roƙi a bar masa tasa, mutumin ya ce kayan makaranta ne. Na ga yadda ya cire ta a hankali, ya ninke, ya saka. Sai na juya baya na yi kamar ina neman wani abu a jaka.

Ruwan sama ya tsuge kamar yadda ya saba da rana, muka fake a wani mamak, wato gidan cin abinci, da ke kusa, ƙungiyar gaba ɗaya. Pakcik ya hana kowa taɓa aljihu, ya sa aka kawo roti, wata irin gurasa, da shayin madara. Ɗan Yaman ɗin yana kusa da mu. Shekara biyu suka rage masa, ya ce ƙarshen wata zai tattara ya tafi, bai ma san ƙasar da zai nufa ba, don iyayensa ba a gida suke ba. Ɗaya daga cikin manyan jami'o'in ta neme shi, amma sai ya koma aji ɗaya. A nan maigidan ya matso ya ce wa auta a hankali, "Kuɗin zangon ƙarshe namu ne, ka yi karatunka." Ni da maigidan mun san inda kuɗin zai fito. Tanadin da muka yi ne na zuwa gida da babbar salla, kuma shekara huɗu rabona da ganin mahaifiyarmu.

Lahadi da safe muka kamo hanya, muka iso Alor Setar da azahar, yara suka tarye mu da tambayar tsaraba. Abin da na dawo da shi dai shi ne, yaran nan sun yi duk abin da aka ce su yi. Sun yi atisaye, sun ci jarrabawa, sun ci wasa. Wasu mutane da ba su san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba suka zauna a ɗaki mai sanyi suka sake zana taswira, kuma har yau ba wanda ya ga ya dace ya zo ya faɗa musu a fuska. Duk mai ɗa ko ƙani da ke karatu a kan ƙwallo, ya tambaya tun wuri me zai faru in ƙungiyar ta mutu, don a takardar da auta ya sa wa hannu babu wannan layin.

Da yamma Hajiya mahaifiyarmu ta kira daga Kano. Ta ce, "To, sun ci?"

Na ce, "Sun ci, Hajiya. Ko ɗaya bai bari ta shiga ba."

Ta yi ta sa masa albarka, ta ce in mun zo da salla a taho mata da hotonsa cikin rigar. Na ce to.