Tabarmar Gwadabe

Duk Gaya an san Gwadabe makanike da masifa, amma ba mai faɗin mafarinta. Ni ƙanwarsa ce, zan faɗa.

Shekarar da aka gama yaƙin basasa, Kawu Tukur na Toranke ya kira shi gyaran motarsa mai jigilar gyaɗa. Gwadabe ya kwance injin, ya jera boris ɗin kamshaf, wato zobban ƙarfen da sandar injin ke juyawa a cikinsu, a tabarma daidai yadda ya ciro su, don kowanne sai a mazauninsa yake zama. Ya tafi sallar Juma'a.

Kawu ya ga baƙin mai a jikinsu, wai abin kunya ne baƙo ya yi aiki cikin ƙazanta a gidansa. Ya kwashe su a ƙwarya ya miƙa cikin gida. Mata suka dirje su da yashi da toka kamar tukwane, har suna sheƙi!

Da Gwadabe ya dawo ya mayar da su, ashe jerin ya rikice, yashi kuma ya ci jikinsu: nan ya matse kamshaf ya ƙi juyawa, can kuma yana lilo.

"Kawu, wa ya aike ka?"

"Taimakonka muka yi, ɗan nan. Ko sannu babu?"

Motar ba ta sake tashi ba. Kasuwa-kasuwa aka riƙa cewa Gwadabe ya kashe ta, ba wanda ya ambaci yashi. Tun daga nan, ka taka tabarmarsa ka sha zagi.

Kawu kuwa har ya rasu yana jiran godiya.