Fulogin da Ya Ƙi Fita

Ko da zan manta duk garuruwan da na bi da mota a rayuwata, kwana ukun nan da na yi a maƙerar babana a Ƙaraye ba za su fita daga raina ba. Zamanin Turawa ne, ina tuƙa wa wani Kwara, wato Balaraben Lebanon, mai sayen gyaɗa wata baƙar mota ƙirar Ingila, wadda ta tsufa tun kafin ta zo hannunmu. Ni ɗan maƙeri ne, ɗan fari ma, amma na ajiye zuga-zugi na tafi Kano, har na ce wa babana a gaban mutane ƙira ta zama aikin mutanen da. Wallahi har yau in na tuna maganar nan sai kunya ta kama ni. Shekara huɗu ban taka gida ba.

Wata rana da kaka Kwaran ya aike ni Rogo in kai buhuna wurin masu awo. A hanyar dawowa motar ta fara tari tana fizga, daidai bakin Ƙaraye ta mutu murus. Na buɗe na duba, fulogi ɗaya ne ya daina ba da wuta. Na sa sifana, ko gezau. Tsatsa ta manne shi da kan injin. Na ƙara ƙarfi, sai na ji wani ɗan ƙara, ƙis! In fulogin ya karye a ciki, ko kan injin ya tsage, sai an jira an kawo sabo daga Ikko, ni kuwa aikina ya ƙare, in dawo garin da na yi wa cika baki ina sunkuyar da kai.

Ba yadda na iya. Mutane suka taya ni turi har ƙofar maƙera. Na durƙusa na ce, "Sannu da aiki, Baba."

Bai ɗago ba. Da yake ni ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunana ba, ko kallona ido da ido ba ya yi. Ya ce, "Yauwa. An zo lafiya?" Sai da ya gama laujen da ke hannunsa sannan ya taso ya leƙa injin, ya shafa gindin fulogin da yatsa. "An taɓa shi da ƙarfi ko?"

"Kaɗan, Baba."

"Ai na san kaɗan ɗinka."

Ya haɗa kananzir da man gyaɗa a ƙoƙo, ya riƙa ɗiga wa gindin fulogin da gashin kaza, ya rufe da tsumma, ya koma mazauninsa. Na ce shi ke nan? Ya ce shi ke nan na yau. Haba! Kamar in yi ihu. Ina da baƙar gaggawa a lokacin, Allah ya yafe mini.

Washegari ya ƙera wani zoben ƙarfe daidai zagayen fulogin. Ya ce wuta ba za ta kusanci man motar ba, zafinta kawai za a aika. Ya sa ni zuga, na zauna inda na saba zama shekarun baya, hannuna ya tuna aikin tun kafin ni in tuna. Zoben ya yi ja, ya ɗauka da awartaki ya kifa shi a gindin fulogin, ya bari ƙarfen wurin ya sha zafi, sannan ya ɗora kakin zuma ya narke ya bi cikin haƙoran fulogin. Ya ɗauki ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa a hankali kamar mai tashin jariri daga barci. Na miƙa hannu ga sifana, ya ce, "A'a. Gobe."

A rana ta uku da hantsi ya ba ni sifanar ya ce, "Ɗaure shi."

"Baba, kwancewa fa ake so."

"Na ce ɗaure. Misalin ƙwayar gero, sannan ka dawo baya."

Sai ya ɗora hannunsa a kan nawa don kada in wuce gona da iri. Hannu mai kaushi, mai ɗumi, duk tabon wuta. Rabon da ya taɓa ni na manta. Muka matsa gaba kaɗan, muka dawo, muka sake, sai na ji abin ya saki. Fulogi ya fito lafiya lau, ko haƙori ɗaya bai ci ba. Na goge shi na mayar, na murɗa ƙarfen tayarwa, inji ya kama. Babana ya dafa jikin motar yana jin rawarta, ya yi dariya har da tafi.

Can ya ce, yana kallon gefe, "Ko za a ɗan kai ni Tudun Kaya a dawo da ni? In ji yadda ake ji a ciki."

Na dubi rana, na tuna Kwara na can yana jira kwana uku. Na ce, "Baba, ka bari sai mako mai zuwa, in sha Allah."

Ya ce, "To, ba komai. Allah ya kiyaye hanya."

Mako ya zama wata, aiki ya kai ni nan ya kai ni can. Farkon damina saƙo ya iske ni a Kano cewa ya rasu, har an yi jana'iza. Bai taɓa shiga mota ba.

Bayan nan na yi shekaru ina gyaran injuna, kuma ban taɓa karya ƙusa ko noti ba, don na koyi jiƙawa da ɗumamawa da jira. Amma abin da ranar nan ta koya mini ya wuce wannan. Ƙarfe zai jira ka kwana uku, ko wata uku ma, yana nan inda ka bar shi. Mutum ba haka yake ba. Shi ya sa duk wanda ya ce mini zai je ganin tsohonsa mako mai zuwa, nakan ce masa ya tashi ya tafi yau. Allah ya jiƙan Baba, ina kewarsa ƙwarai.